Yadda Ake Matsar da Motar da Ba Ta da Sitiyari, Daga Tsakar Gida Zuwa Gareji

Da wuya ka zaga unguwa a Zariya ba ka ga motar da aka fara gyara aka bari ba. Ko tsohuwar Peugeot 504 a ƙarƙashin darbejiya a Tudun Wada, ko Golf a bayan katanga a Samaru, an sauke injin, an kwance kayan sitiyari an kai wa wani ya duba, kuɗi suka yanke, damina biyu ta wuce a kanta. Ba a tunawa da ita sai ranar da maigida zai yi gini a wurin, ko za a yi biki ana neman filin kafa rumfa. Ranar ce ake kirana.

Karon farko da na taɓa wannan aiki ina yaron gareji ne. Wata 504 ce a Gyallesu, an cire mata rak gaba ɗaya, wato dogon ƙarfen nan mai haƙora da sitiyari ke turawa hagu da dama don juya tayoyin gaba. Ni da abokina muka ga ai tayoyi huɗu suna nan, muka ɗaura igiya a bayan wata motar muka ce a ja. Ba mu yi taku ashirin ba tayar hagu ta kalli Kano, ta dama ta kalli Kaduna. Motar ta tirje, taya ta shige cikin fenda ta lanƙwasa shi, tiyon birki ya tsinke. Da Oga ya iso bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mana: "Me ya haɗa tayar nan da waccan?" Muka yi tsit. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga amsar tambayar nan ya fito.

Tayoyin gaba biyu ba su san juna ba. Abin da ke sa su kalli waje ɗaya shi ne rak da tairod biyu da ke fita daga jikinsa, wato sandunan da ke haɗa shi da kowace taya. In ka cire su, kowace taya ta zama mai cin gashin kanta. An ƙera ƙafar gaba da ɗan karkata irin na tayar kujerar ofis, shi ya sa in ana tura mota gaba a kan siminti mai laushi tayoyin kan ɗan bi hanya na ɗan lokaci, har mutum ya ruɗu ya zaci lafiya. Da tsakuwa ɗaya ta tare taya guda, shi ke nan. In kuwa da baya ake turawa, karkatar nan ita ce ke murɗe tayar nan take har ƙarshe. Iya ilimin da kake buƙata ke nan.

KAYAN AIKI

Ka tara su tun jajibiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

- Jak mai taya, irin na gareji. Jak ɗin kwalba ko na cikin but yana ɗaga mota, amma ba ya tafiya da ita.
- Weji huɗu na katako. Guntun katako mai kauri da aka yanka a karkace ya isa. Bulo yana farfashewa, dutse yana mirginawa.
- Ƙarfen angul ko fayif mai kauri, tsawonsa kamar mita 1 da rabi, da bol biyu masu noti lamba 17, da noti huɗu da washa.
- Tef ɗin awo da alli.
- Sifanu, wil sifana, guduma, da fulaya mai kulle.
- Katako masu faɗi da kauri guda biyu ko huɗu na tsallake kwata, da falle ɗaya na filawud mai kauri in ƙasar wurin ba siminti ba ce.
- Igiya mai ƙarfi ko sarƙa, da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen ja guda huɗu. In akwai gangare, a aro cen bulok, wato na'urar nan mai sarƙa da ake ɗaga injin da ita.
- Famfon taya, ko ka yi magana da mai faci ya zo.
- Tsintsiya. Kada ka yi dariya, za ka ga amfaninta.
- Mutum biyar aƙalla, manya masu jin magana. Yaran unguwa za su taru, a kore su nesa tun kafin a fara.

1. KA FARA GANE WANE IRIN RASHIN SITIYARI NE

Mutane sukan ce mini "motar ba ta da sitiyari", in na je sai in tarar da abu daban-daban har kashi biyar, kuma kowanne da maganinsa. Ka durƙusa ka leƙa, ka kama tayar gaba ɗaya ka murɗa da hannu kana kallon ɗayar.

In kan sitiyarin kawai aka cire, sandarsa tana nan kuma tana haɗe da rak, ka ci sa'a. Ka nemo kan ka zura ko da ba noti. In ya ɓace, ka naɗe haƙoran sandar da guntun tsohon tub ko fata, ka damƙe da fulaya mai kulle, ita ce sitiyarinka na yau. Kada ka damƙi haƙoran tsirara, in suka tauye sabon kai ba zai shiga ba.

In an cire sandar amma rak da tairod suna nan, tayoyin suna haɗe. Ka murɗa ɗaya, ɗayar za ta bi. Wannan ma ba matsala, za a juya ta da hannu daga waje, ko a damƙi ɗan guntun da ke fitowa daga rak da fulayar. In rak ɗin mai amfani da mai ne kuma an cire tiyo, ka toshe ramukan da tsumma, don in ana murɗawa yakan feso sauran man da ke ciki.

In komai yana nan amma makulli ya ɓace sitiyari ya kulle, kada ka bari wani ya ɗauko guduma da kurfi. A ƙasan sandar, kusa da feda, akwai ɗan haɗi da bol ɗaya ke riƙe da shi. Ka yi alama da alli ko fenti a inda ya haɗu, ka kwance bol ɗin, ka zare haɗin, rak ya samu 'yanci. A motocin zamani masu jakar iska a kan sitiyari akwai wata siririyar waya a naɗe a bayan kan, wadda ke kai wuta ga ham da jakar. Da zarar ka raba sandar da rak, in sitiyarin ba a kulle yake ba, ka ɗaure shi da bel ɗin kujera kada wani yaro ya yi ta juya shi, don in ya wuce iyaka wayar tsinkewa take yi.

Kashi na huɗu shi ne irin namu na Gyallesu: babu rak, ko an cire tairod. Wannan ne mai aiki, shi zan fi daɗewa a kai a mataki na 3.

Na biyar, an kwance ƙafar gaba dungurungum, babu inda za a ɗaura taya. Zan zo kansa can ƙasa.

2. KA TABBATA MOTAR ZA TA IYA MIRGINAWA

A ba tayoyi iska, 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci. Taya mai taushi tana ninka nauyin turi, kuma in ɗaya ta fi ɗaya taushi a gaba, mota can za ta riƙa janyewa. In tayoyin sun tsattsage da rana, ka aro wasu na yini ɗaya. Sai dai ka lura, rim ɗin 504 da 505 mai rami huɗu ne amma tazarar ramukansa ta fi ta yawancin ƙananan motoci faɗi, na Golf ko Corolla ba zai shiga ba.

Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya tayar da hannu. Wadda ta ƙi juyawa birki ne ya kama, musamman na baya in an bar hambirki a ja shekara guda. Ka saki hambirkin, ka cire taya, ka bubbuga gefen durom da guduma a hankali kana zagayawa, yawanci zai saki da ƙara. Giya ta kasance a firi. Mai otomatik da ba ta da batir takan maƙale a P. A yawancinsu akwai ɗan rami mai murfi a gefen sandar giya, ka danna da sukundireba ka ja sandar zuwa N. Mai hambirkin lantarki ko kullen sitiyari na lantarki kuwa sai ka kawo mata batir na ɗan lokaci.

Ga abin da masu koyo suka fi mantawa. In motar mai ja da ƙafar gaba ce, irin su Golf da Corolla, kuma an zare shaf ɗin da ke shiga tsakiyar tayar, to kada ka kuskura ka mirgina ta a haka. Babban notin kan shaf ɗin nan shi ne ke matse boris ɗin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, wuri ɗaya. In babu shi, nauyin mota zai buɗe boris ɗin, ko ya lalace ba ka sani ba sai bayan ka gama gyara ka ji yana kuka, ko hob ɗin ya zare da tayar a tsakiyar aiki. Ka nemo tsohon kan shaf na waje a wajen 'yan gwangwan, ka zura ka ɗaure notin tamau. In babu, dogon bol mai kauri da manyan washa ciki da waje zai riƙe na ɗan gajeren zango. 504 ba ta da wannan matsala a gaba, da baya take ja.

Sannan ka bi notunan ƙafa: na saman shokazoba, na bol join na ƙasa, na taya. Motar da aka bari rabi da rabi cike take da notin da aka ɗaura da yatsa aka ce "gobe a matse".

3. KA HAƊA TAYOYIN GABA BIYU

Hanya mafi sauƙi, wadda mutane ke tsallakewa don suna ganin ɓata lokaci ce, ita ce ka mayar da tsohon rak ɗin. Ko ya mutu, ko yana da wasa, ko yana yoyo, in dai zai ɗauru a mazauninsa tairod su shiga ramukansu, ya gama maka aiki. Minti 30 ne. In naka ya salwanta, ka tambayi masu tsofaffin kayan mota a Sabon Gari ko suna da matacce na irin motar, ka saya da arha ko ka aro.

In rak bai samu ba, sai a ƙera sandar haɗi.

Ka ɗaga gaban motar, ka miƙe tayoyin biyu da ido. Sannan ka auna da tef tazarar da ke tsakaninsu ta gaba, ka auna ta baya, a tsayi ɗaya daga ƙasa. Ka yi ta gyarawa har awon biyu ya zo daidai. Bambancin rabin santimita ba komai ba ne, ba titi za ta hau ba. Ka sauke motar a kan tayoyinta ka sake aunawa, don in tana rataye ƙafafun kan canja zama. Wannan ya fi tsanani a motar da ba injin, gabanta yakan ɗaga sama sosai.

A bayan kowace taya akwai ɗan hannu na ƙarfe mai rami, inda kan tairod ke shiga. Ka auna daga tsakiyar ramin hagu zuwa tsakiyar ramin dama. Wannan awon za ka kai wa mai walda ya yanka ƙarfen angul ya huda rami biyu daidai wannan tazara. Kada ya bar fiye da inci 1 a bayan kowane rami, in ya yi tsawo ƙarshen zai riƙa cin rim ko faifan birki in an murɗa. Kafin ka tafi, ka miƙa igiya daga rami zuwa rami ka ga ko akwai abin da ya tare hanya. In injin yana ciki, sau da yawa kaskon baƙin mai ko salansa kan shiga tsakani, sai a lanƙwasa ƙarfen ya bi ta ƙasa, a ƙara masa ƙarfi a wurin lanƙwasar.

Ramin hannun nan ba miƙaƙƙe ba ne, sama da ƙasansa ba faɗi ɗaya ba, an yi shi ne don kan tairod ya zauna daram. Saboda haka bol ɗin da za ka sa ya zama yana shiga ba tare da duka ba. Kada ka buga, kada ka faɗaɗa ramin, in ka ɓata shi sai ka sayi ƙafar gaba ɗaya. Ka sa washa sama da ƙasa, ka ɗaure noti na farko har ya kama sannan ka sassauta kaɗan yadda sandar za ta iya juyawa, ka kawo noti na biyu ka matse shi a jikin na farko. In ka ɗaure tamau ba wasa, tayoyin ba za su murɗu ba, ko bol ya karye.

Ni abin da na fi so shi ne a samo tsofaffin kawunan tairod biyu na irin motar a yi musu walda a bakin fayif. Suna zama a ramin kamar na asali kuma suna juyawa ta ko'ina. Ina da irin wannan guda biyu a gareji, na 504 da na Golf, sun fi shekara goma suna yawo hannun jama'a, wani lokacin sai na bi sawu kafin su dawo.

In ba mai walda a kusa, katako tu-bai-fo zai yi, amma kada ka huda shi kai tsaye a ƙarshe, tsagewa zai yi. Ka ɗaura gajerun ƙarafa masu faɗi a bakinsa biyu da bol bibbiyu, su ne za su shiga hannun tayar. Igiya kaɗai kuwa ba ta yi. Igiya tana hana abu buɗewa amma ba ta hana shi tsukewa, tayoyin za su juya ta ɗaya gefen ta saki.

Da ka gama, ka murɗa taya ɗaya hagu da dama har ƙarshe kana kallon tiyon birki. Rak ne ke iyakance murɗawa a motoci da yawa, in babu shi taya kan wuce gona da iri ta ja tiyon. Ka lura da inda ya fara miƙewa, nan ne iyakarka.

4. KA BI HANYAR DA ƘAFA

Daga inda motar take har inda za ta hau babbar mota, ka taka ka gani. Ka auna ƙofa: 504 faɗinta kusan mita 1.7 ne, tsawonta kusan mita 4 da rabi, kuma mai juya taya yana buƙatar wurin tsayawa a gefe. Ka share tsakuwa da ƙusoshi, ka cike ramuka, ka zana layin da tayar hagu za ta bi da alli ko toka. A cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, akwai lungunan da motar janwe ba za ta shiga ba, sai an turo motar da hannu har bakin titi, don haka ka san tsawon zangon tun kafin ka tara mutane. Da damina, musamman a watan Agusta, ka jira kwana biyu ba ruwa. Jar ƙasar nan in ta jiƙa, taya nutsewa take yi, masu turi kuma santsi ya kwashe su.

5. TURI

Mutum ɗaya ne ke magana. Shi zai tsaya a gaba daga gefe inda yake ganin tayoyin biyu, kalmominsa uku ne: "a tura", "tsaya", "weji". Mutum biyu riƙe da weji, ɗaya a kowane gefe kusa da tayar baya, ba su da wani aiki sai wannan. Ko birkin motar yana nan, ka ɗauka babu.

Masu turi su dafa ginshiƙan ƙofa ko ƙarfen ƙasan but. Kada a dafa tsakiyar but, ko fenda, ko gilas, ko inda mai gyaran bodi ya shafa fila. Na ga aikin sati biyu ya lotsa da tafin hannu ɗaya.

Mai juyawa yana tafiya a gefen tayar gaba. Taya ba ta son murɗuwa a tsaye, amma da ta fara mirginawa sai ta yi laushi, don haka ka jira a fara tafiya sannan ka tura gefenta na gaba da tafin hannu ko tafin ƙafa. Daga waje kawai. Kada yatsunka su zagaya bayan tayar, kada su shiga ramukan rim, kada hannunka ya shiga tsakanin taya da fenda. In wurin injin a buɗe yake, ya fi kyau a yi wa sandar haɗin walda da wani fayif da zai miƙo sama, mutum ya riƙe shi daga gefe yana turawa hagu da dama.

A yi taku uku a tsaya, a duba, a ci gaba. Sauri ya haifi nawa. In da hali a tura ta gaba, in kuwa dole sai da baya, a sa mutum a kowace taya kuma a rage sauri, don tayoyin za su riƙa neman ƙwacewa gefe ɗaya tare.

6. KWANAR DA TA FI ƘARFIN TAYA

A tsakar gida sau da yawa babu filin da mota za ta yi kwana. Nan jak mai taya ke aiki. Ka shigar da shi daga gefen motar, ba daga gaba ba, don jak a tsawonsa yake tafiya. Ka kafa shi a tsakiyar ƙarfen gicciye da ƙafafun gaba ke ɗaure a kai, wanda muke ce wa kuros memba, da ɗan katako a tsakani. Ba a kaskon baƙin mai ba, ba a ƙarfen lagireto ba, ba a sandar da ka ƙera ba. Ka ɗaga har tayoyin su bar ƙasa da kaurin yatsa biyu, kada ka ƙara. Mutum ɗaya ya ja jak ɗin, biyu su tura gaban motar a hankali zuwa wajensa, masu weji suna tsaye a baya a shirye. Taku ɗaya, a sauke, a gyara zaman jak ɗin, a sake. Da haka za ka iya juya mota ta kalli inda ta ba baya a cikin fili ɗan kaɗan.

Tayoyin jak ƙanana ne, ƙwayar tsakuwa ɗaya tana tsayar da su, kuma in jak ya tsaya masu turi ba su tsaya ba motar zamewa take yi ta faɗo. Amfanin tsintsiya ke nan. A kan ƙasa kuwa sai an shimfiɗa filawud. Muddin mota tana kan jak, ba hannu ba ƙafa ba kai a ƙarƙashinta.

In babu jak mai taya, ga dabarar da ba ta cin kuɗi. Ka samo buhunan leda na shinkafa ko taki guda huɗu, ka shimfiɗa bibbiyu, ka zuba ruwan omo mai kauri a tsakaninsu, ka mirgino tayoyin gaba su hau. Mutum huɗu su tura daga gefe, gaban motar zai sulale. A kan siminti yana aiki sosai, musamman in ba injin.

7. GANGARE DA KWATA

Nan ne ake jin ciwo. Lissafin mai sauƙi ne: in ƙasa tana sauka mita 1 a cikin kowane mita 10, mota mai kilo 1,000 tana jan kanta ƙasa da nauyin kusan kilo 100, wato buhun siminti biyu, kuma ba ta gajiya. Gangaren bakin get da ake yi don hana ruwa shiga gida ya fi wannan tsayi nesa ba kusa ba.

Ba a tare mota da jiki daga ƙasan gangare. Ana riƙe ta ne daga sama. Ka ɗaura sarƙa ko igiya a ƙugiyar ja ko a ƙarfen ƙasan motar, ɗaya bakin a jikin cen bulok da aka ɗaure a gindin babbar bishiya ko a wata mota mai nauyi da aka ja wa birki aka sa wa weji. Kada ka ɗaura a ginshiƙin get ko katangar bulo, za ka tashi da aikin gini. In igiya ce kawai, ka naɗa ta sau biyu a gindin bishiyar, mutum biyu su riƙa sakinta kaɗan kaɗan, kuma kada kowa ya naɗa ta a hannunsa. Masu weji suna bin tayoyin daga gefe, wejin yana gaban taya da tazarar tafin hannu.

Kwata kuwa a ɗora katako a kan layin kowace taya, a tokare tsakiyarsu daga ƙasa da guntayen katako ko buhun yashi. A miƙe tayoyin sosai kafin a hau, a kan katako ba a yin kwana.

8. IN BABU ƘAFAR GABA SAM

In injin da giyabos suna ciki, kada ka wahalar da kanka: ko ka mayar da ƙafafun, ko ka kira mota mai ƙugiyar ɗaga kaya, wadda ake ce wa Hiab, ta ɗauke ta da bel masu faɗi ta ƙarƙashin bodi. In kwangon bodi ne kawai, kurar ruwa mai ƙarfi, irin wadda ke ɗaukar jarka 12 ta lita 25, tana iya ɗaukar gabansa. A ɗora katako a gicciye a kan kurar, a sauke ƙarafan shasi biyu a kai, a ɗaure da bel. Wannan na tsakar gida ne da lungu, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

9. HAWA BABBAR MOTA

Sandar da ka ƙera ta tafiyar ƙafa ce. Ko daga PZ zuwa Muchia ne, ba a jan wannan mota da igiya a titi. Za a samu mai ce maka "Oga, ai nan da nan ne, a hankali za mu bi". Ka ba shi haƙuri. Mota ba sitiyari ba birki a cikin 'yan acaɓa da masu Keke Napep na Kwangila, ba sai na faɗa maka ƙarshen labarin ba.

Abin da ya fi shi ne janwe mai shimfiɗaɗɗen baya da ke saukowa ƙasa. Ka gaya wa direban gaskiya tun a waya, cewa ba sitiyari ba birki. Ya daidaita bayansa da motarka sosai, don gyaran hanya a kan gangaren ƙarfe wuya gare shi. Ka miƙe tayoyin, ka ɗaure sandar haɗin da bel hagu da dama a jikin kuros memba yadda ba za ta motsa ba. Wayar winci, na'urar da janwe ke jawo mota da ita, ta kama ƙugiyar ja ko kuros memba, ban da bamba, ban da hannun ƙafa, ban da sandar haɗi. In motar ta fara karkata a tsakiya, a tsaya, a sa weji, a gyara da jak. Kowa ya kauce daga bayanta da kuma layin wayar.

In janwe mai ɗaga gefe ɗaya aka samu, gaban zai ɗaga, tayoyin baya su bi ƙasa. Kada ka yarda ya ɗaga baya ya bar gaban yana bin titi. In motar da baya take ja, a sa giya a firi, in kuma otomatik ce ko giyabos ba mai a ciki, a kwance furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, daga bakasul.

Wasu kan yi amfani da Kanta don sauƙin kuɗi. Bayanta yana da tsayi, kuma katako biyu a jingine ba abin yarda ba ne. Sai dai a nemi tudu ko tarin ƙasa da bayanta zai jingina da shi, kamar yadda ake lodin shanu, a turo motar ta shiga a miƙe. Ka tabbata akwai irin wannan tudun a inda za a sauke.

A ɗaure ta wuri huɗu, ta tayoyi ko ta ƙarafan ƙasa, a sa weji. Bonet da ƙofofin da ba su da makama a ɗaure su da igiya, kayan da ke zube a ciki a kwashe. Bayan tafiyar minti biyar a tsaya a sake matse bel ɗin.

10. TAKARDU DA LOKACI

Mota ba lamba, ba injin, a bayan wata motar, kama take da kayan sata. Ka riƙe takardun motar ko da sun ƙare, da rasiɗin saye, ka kuma san inda lambar shasi take a jikinta don in 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra ko na KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna, sun tambaya ka nuna ba tare da kame-kame ba. In motar gado ce, wani daga cikin magada ya biyo ku. Ka sanar da mai unguwa in za a tare lungu. Lokacin da na fi so shi ne bayan sallar asuba da gari ya waye, kafin 'yan makaranta su fito. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa la'asar a bar ta.

11. SAUKEWA

Yadda aka hau haka za a sauka, winci na riƙe da ita har tayoyi huɗu su taka ƙasa a sa weji. Kada a kwance waya a ce a bar ta ta gangaro da kanta. Kafin a sauke, ka zaɓi mazauninta da kyau: gaba yana kallon ƙofa, da filin buɗe ƙofofi huɗu, da wurin da cen bulok zai rataya in za a mayar da injin. Hambirki a sake, weji gaba da baya. Sandar haɗin ka bar ta a jiki har ranar da sabon rak zai shiga, kuma ranar ka miƙe tayoyin, ka daidaita alamar allin da ka yi a kan haɗin sandar sitiyari kafin ka matse bol ɗin.